Ra'ayinmu: Kowace manhaja a san mai ita

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa loda albasa daga Galmi ko wake daga Maraɗi ya san ba a ɗora buhu a mota sai da shaida. Idan buhu ya ɓata tsakanin Dan Issa da Jibiya, fentin da ke jikinsa shi zai nuna mai shi, kamasho kuma yana da littafi. Abin mamaki, wasu kamfanonin da muke miƙa wa kuɗinmu ta waya ba su kai kamasho tsari ba.

Kwanan baya mun raka wani ɗan kasuwa da kuɗinsa suka maƙale a wani kamfanin aika kuɗi. Mai kanti ya ce babu rezo. Ofis ya ce laifin banki ne, banki ya ce a koma ofis. Daga ƙarshe wani ma'aikaci ya raɗa mana cewa yaron da ya haɗa wannan ɓangaren manhajar ya bar aiki, ba a ɗora kowa a kai ba. Albasa kuwa tana cikin rana.

Wannan ciwo ba namu kaɗai ba ne. Kamfanin Spotify na ƙasar Suwidin ya wayi gari da ƙananan manhajoji masu ɗimbin yawa, har injiniyoyinsa suna rasa wa za su tambaya. Sai suka gina Backstage, wani kundi na cikin gida inda kowace manhaja ke da suna, da rukunin da ke kula da ita, da sauran manhajojin da ta dogara a kansu. A watan Maris na 2020 suka sake shi kyauta ga duk mai so.

Ba mu ce kamfanoninmu su kwaso Backstage ba, domin shi ma sai da masu kula. Mai manhaja ashirin, shafi ɗaya ya ishe shi: sunanta, aikinta, mai ita, mataimakinsa, da lambar da za a kira ko da tsakar dare. Wahalar ita ce sabuntawa. Ranar da ma'aikaci zai tafi, kada a sallame shi sai an rubuta magajinsa.

Muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa, kafin su amince da wani sabon kamfani, su tambaye shi: in ta tsaya ranar kasuwa, wa za mu kira, kuma cikin awa nawa zai gyara? A rubuta amsar, shugaban ƙungiya ya ajiye kwafi.