Makarantar Kiɗa a Kano: A Duba Haƙƙin Maƙwabci Kafin a Aza Tubali

Duk wanda ya saba bin Titin Gidan Zu da yamma, daga gadar Dangi ya yi wajen Gidan Zu, ba sai an gaya masa cewa a nan kasuwar waƙar Hausa ta zamani take ci ba. A cikin shaguna da saman benaye samari sun kafa ɗakunan ɗaukar murya, galibi a ɗakin da tun asali aka gina domin ciniki, an manna soso a bango, janareto yana ruri a ƙofa, maƙwabta kuma suna haƙuri. A irin waɗannan wurare ne yaranmu da yawa suke koyon sana'ar, kowa da abin da kunnensa ya tsinta, alhali kuwa kiɗan da iyayenmu suka gada yana ta bin masu shi zuwa kushewa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Alhaji Mamman Shata a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya Jos kuma a 2015. Kotso da kalangu da ƙwarya da kuntigi suna nan, amma hannuwan da suka san sirrinsu kullum raguwa suke yi.

Saboda haka a ganina lokaci ya yi da Kano za ta mallaki makarantar koyar da kiɗa da waƙa, mai gininta na kanta da aka tsara domin wannan aiki kaɗai. Wannan ba sabon abu ba ne a maƙwabtanmu. A Yamai an buɗe Cibiyar Koyar da Kiɗa ta Alhaji Taya tun 1989, inda ake koyarwa kuma ake adana kayan kiɗan gargajiya na Nijar. A Legas ƙungiyar MUSON, wadda aka kafa a 1983, tana da makarantarta da zauren wasanninta a Onikan. Amma abin da nake so ma'aikatanmu da ɗalibanmu su sa wa ido a yau shi ne ginin kansa: ina za a ajiye shi, da wace siffa, kuma yaya zai zauna da mutanen unguwa lafiya.

Dalilin da ya sa na fara da wannan a fili yake. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar gina ƙauyen shirya fina-finai a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji. Malamai da jama'a da dama suka nuna ƙin amincewa, ba a jima ba aka janye maganar. Ko mutum yana ganin an yi daidai ko yana ganin an yi hasara, darasin guda ne, watau aikin da ya shafi nishaɗi a Kano ba ya tsayawa sai mutanen da za su zauna da shi sun fahimce shi tun daga tushe. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Makarantar kiɗa kuwa ta fi ƙauyen fim buƙatar wannan lura, domin aikinta gaba ɗaya sauti ne, sauti kuma ba ya neman izini kafin ya shiga gidan mutum.

Yankin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ya dace da makarantar ta fuskoki da dama. Yana dab da Titin Gidan Zu inda masu sana'ar suke, hanyar Zariya da ta Maiduguri sun ratsa shi, kuma ɗalibin da ya sauka a tashar Unguwa Uku daga ƙauye ba zai sha wahalar isa ba. To amma fa yankin ne kuma yake ɗauke da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ga kotuna a Titin Kotu, ga masallatai da makarantun Islamiyya a kusan kowane layi. Majiyyaci da alƙali da mai karatun Alƙur'ani duk suna da haƙƙin samun shiru. Don haka sharaɗi na farko shi ne a nisanta filin daga asibiti da kotuna, kuma kada a ɗora shi a bakin babban titi, domin ƙarar manyan motoci za ta hana malami jin kuskuren ɗalibinsa kamar yadda ganga za ta hana maƙwabci barci. Kada kuma a cike kududdufi ko a toshe hanyar ruwa don a sami fili, don mun sha ganin abin da ruwan Agusta yake yi wa unguwannin da aka yi wa haka.

Game da siffar ginin, ba sai mun tafi Ingila ko Jamus aro ba, domin gidan Bahaushe ya riga ya warware rabin matsalar. Gida ne da yake ba titi baya ya fuskanci tsakar gidansa. Zaure yana gaba, sai ƙofar gida, sai shigifa, sannan cikin gida. Haka ya kamata a jera makarantar. Ofisoshi da ɗakin karatu da ma'ajiyar kayan kiɗa, waɗanda ba su da hayaniya, su kewaye filin su zama garkuwa tsakanin makaranta da unguwa. Ɗakunan goge da garaya da gurmi da sarewa su biyo baya. Ɗakunan ganga da kalangu da algaita, masu ƙarfin sauti, su zauna can tsakiya. Masana sun tabbatar cewa a sarari, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin sauti yana raguwa da kimanin desibel 6, saboda haka kowace ƙafa da aka ƙara tsakanin makaɗi da katangar maƙwabci riba ce.

Na biyu shi ne bango. Abin da yake tare sauti nauyi ne, kuma a nan ma ƙa'idar ta yi kama da ta farko: in aka ninka nauyin bango, abin da yake tarewa yana ƙaruwa da wajen desibel 6. Wannan ne ya sa bulo mai rami da rufin kwano, waɗanda muka ɗauka su ne ci gaba, suka zama mafi munin abin da za a yi wa ɗakin kiɗa. Kwano yana barin sauti ya fita, yana tara zafin watan Afrilu da yakan kai digiri 40, in kuma ruwan sama ya sauko sai ya zama shi ne babban makaɗi a gidan. Bangon tubali mai kauri kuwa yana riƙe sauti, yana riƙe sanyin dare har rana ta yi nisa. Mai shakka ya shiga Gidan Makama, ko Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa inda Hans Vischer ya buɗe makarantarsa a 1909, ya ji yadda hayaniyar titi take mutuwa a bakin ƙofa.

Na san za a ce ginin ƙasa yana son yaɓe kowace shekara, kuma Gwamnati ba ta shahara da kula da abin da ta gina ba. Wannan ƙorafi gaskiya ne, bai kamata a yi watsi da shi ba. Amma an sami mafita a zamanin nan. Ana cakuɗa jar ƙasa da siminti kaɗan a matse ta da inji ta zama bulo mai ƙarfi, a ɗora ta kan harsashin dutse, a yi mata indararo masu tsawo da za su jefa ruwa nesa da bango. Da irin wannan bulo Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta suka gina sabon masallacin Dandaji a Nijar, suka mayar da tsohon ɗakin karatu, aka gama a 2018. Haka Francis Kéré ya gina makarantar ƙauyensu Gando a Burkina Faso a 2001, kuma a 2022 aka ba shi lambar Pritzker, wadda babu kamarta a duniyar masu tsara gine-gine. Tun kafin su, a 1986, masallacin Yama da Falke Barmu ya gina da ƙasa ya sami lambar Aga Khan. Ashe abin da muke rainawa a gida shi ake girmamawa a waje.

Na uku shi ne cikin ɗaki. Ɗakin da bangayensa suke sumul kuma suna fuskantar juna daidai yana haifar da amsa-kuwwa, har bugun kalangu ya riƙa hawa kan na bayansa a kasa rarrabe maganar da yake yi. Manyan zaurukan kiɗan Turai suna son sauti ya daɗe kamar daƙiƙa 2 kafin ya mutu, amma ganga da waƙar baka, waɗanda ma'anarsu take cikin kalma da kari, suna son ƙasa da haka ƙwarai. Wanda ya kwafo mana zauren Turai dungurungum ya cuce mu. Maganin yana hannunmu: zanen dagi da sauran adon da magina suke tayarwa a bango yana warwatsa sauti, haka ma haƙarƙarin bakan gizo da jerin azara, irin wanda Babban Gwani ya bar mana a tsohon masallacin Jumma'a na Zariya. Tabarma da asabari da labule mai kauri kuma suna shanye abin da ya yi yawa. Sai dai a yi hattara da tulluwa mai santsi, domin takan tara sauti wuri guda ta bar sauran ɗaki.

Matsalar da ta fi wuya ita ce iska, don duk inda iska ta bi sauti ma zai bi. In an rufe ɗaki ruf sai an dogara da na'urar sanyaya ɗaki da janareto, wanda shi kansa ƙarar da ake gudu ce. A nan ma zaure ya koya mana dabara. Magina ba su daidaita ƙofar waje da ta ciki, don kada mai wucewa ya hango matan gida. In aka karkata hanyoyin iska haka, aka shimfiɗa musu abin da yake shanye sauti, tagogi kuma duka suka buɗe cikin tsakar gida mai inuwar darbejiya, za a sami iska a rage ƙara. Wutar hasken rana za ta ɗauki fitilu da fankoki. Ma'ajiyar kayan kiɗa kuwa a sa ta inda rana ba ta duka, domin hunturu yana fasa ƙwarya da ice, damina kuma tana sassauta fata. Kusa da ita a yi rumfar masassaƙa da dukawa da maƙera, don makarantar da ba ta koyar da haɗa ganga rabin makaranta ce.

Akwai kuma ladabin zama da jama'a, wanda shi ma aikin mai zane ne. Kada ginin ya wuce hawa biyu, kada taga ko ɗaya ta leƙa tsakar gidan maƙwabci. A keɓe wa mata farfajiyarsu da ƙofarsu, inda za a koyi shantu da amada cikin sutura, don iyaye su saki jiki su turo 'ya'yansu. A yi masallaci, a kuma rubuta cikin dokar makaranta cewa kiɗa yana tsayawa da kiran salla, ba a kuma kai shi dare. Motocin baƙi su sami wurin tsayawa a ciki don kada ranar wasa ta zama ranar toshe layi. Ta wajen titi kuwa a yi dakali da bishiyoyi, zauren kuma ya zama a buɗe ga mai unguwa da dattawa in suna da taro. Tambari da kakaki, wanda Tarihin Kano ya danganta farawarsa da Sarki Muhammadu Rumfa, kayan sarauta ne, sai a nemi yardar fada da makaɗanta kafin a koyar da su.

Kirana ga Hukumar Tsara Birane ta Jihar Kano da Hukumar Tarihi da Al'adu shi ne su zauna da masu unguwanni da limamai da makaɗa kafin a ja layi ko ɗaya a takarda, kuma su sa dokar hana ƙara ta Tarayya ta 2009 cikin sharuɗɗan izinin gini. Daga nan a buɗe gasar zane ga ɗaliban tsara gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da ta Wudil, da sharaɗin kowa ya yi aiki tare da magini na gargajiya. Tun tsarin Trevallion na 1963 muke rubuta wa Kano tsare-tsare masu kyau muna ajiyewa a kabad, gari kuma yana yaɗuwa yadda ya ga dama. In aka yi wannan gini guda bisa ƙa'ida, zai zama abin koyi ga ɗakunan biki da sauran wuraren taro da suke hana unguwanninmu barci. Allah Ya ba shugabanninmu ikon duba wannan magana da idon basira, amin.