Ra'ayinmu: Tsalle Ɗaya Ke Jefa Mutum Rijiya

Kowace shekara akwai 'yan'uwanmu ɗalibai da kan kammala karatu a nan su wuce Ingila neman digiri na biyu. Dominsu muka keɓe sharhin wannan fitowa, ko da yake darasin da ke ciki ya shafe mu duka. Maganar kuwa ita ce ta intanet ɗin gida, watau wanda kamfani ke ja wa mutum da waya har cikin ɗaki, da abin da kan biyo baya idan mutum ya so ya bar shi ya koma na tafi-da-gidanka alhali yarjejeniya ba ta ƙare ba.

Mu a nan gida mun saba da sayen data kamar yadda ake sayen kalanzir: in ta ƙare, ko a sake saye ko a haƙura, ba mai bin wani bashi. A can kuwa ba haka abin yake ba. Galibin kamfanoni kan ɗaure mutum da yarjejeniyar wata 12, ko 18, ko 24, wanda shi ne iyakar abin da hukumar sadarwar ƙasar, Ofcom, ta yarda da shi. To, digiri na biyu a Ingila yawanci shekara guda ne. Ɗalibin da ya ga rahusa ya sa hannu a kan wata 24, ya ɗauki alkawarin da ya fi zamansa tsawo.

Ba a daɗewa sai ido ya buɗe. Ɗalibi ya ga abokinsa da 'yar na'ura mai layin sim, yana yawo da ita daga ɗaki zuwa laburare, yana biya wata-wata, ranar da ya ga dama ya daina. Sai shi ma ya zare wayar gida, ya hana banki biyan kamfani, yana zaton ya huta. Wannan babban kuskure ne. Zare waya ba ya kashe yarjejeniya, haka nan ƙaura daga gida. Kamfani zai nemi kuɗin fita, wanda akan lissafa bisa watannin da suka rage. A misali, mai biyan fam 30 a wata, in saura wata 10, abin da za a nema a hannunsa zai tasam ma fam 300, bayan ɗan ragin da akan yi. In ya ƙi biya, a miƙa shi ga masu karɓar bashi, tabon kuma ya zauna a takardun shaidar bashinsa har shekara 6, ya dame shi ranar da zai nemi rance ko hayar gida.

Amma fa ba mu ce ƙofa a rufe take ba. Wanda ya ƙulla yarjejeniya ta tarho ko ta intanet yana da kwana 14 na sake shawara. Har ila yau, tun daga watan Maris na 2019, manyan kamfanonin da suka amince da ƙa'idar Ofcom wajibi ne su faɗa wa mai saye mafi ƙarancin saurin da suka lamunce masa. In saurin ya gaza haka, aka kai kuka, aka yi kwana 30 ba gyara, mutum na iya fita ba tara. Haka kuma in kamfani ya ƙara kuɗi fiye da abin da ke rubuce. Sai dai a lura: daga 17 ga Janairu 2025 aka wajabta wa kamfanoni su rubuta duk ƙarin da za su yi da fam da kwabo tun ranar sa hannu, don haka ƙarin da mutum ya gani ya amince ba zai zama hujjar fita ba. Tsarin sauƙaƙa sauya kamfani da aka soma a Satumban 2024 shi ma bai yafe kuɗin fita ba.

Sa'an nan shi kansa na tafi-da-gidankan ba a rasa shi da aibu. Turken sadarwa guda ne jama'ar unguwa ke rabawa, shi ya sa da maraice, lokacin da ɗalibi ya fi bukatarsa, sauri kan ragu. Bango mai kauri ma kan tare shi. Saboda haka shawararmu ita ce, kafin a saki na hannu, a sayi layin wata guda a gwada shi a ainihin ɗakin da ake karatu. A tambayi kamfani a rubuce nawa ne kuɗin fita, a haɗa shi da kuɗin sabon layi, a gwada da abin da za a biya in an daure zuwa ƙarshe. Sau da yawa lissafi zai nuna haƙurin 'yan watanni ya fi araha.

Mu da ke gida kada mu ce ba ruwanmu. Wayar fayiba tana shiga unguwanni a manyan garuruwanmu, ga kuma 5G da ta iso Nijeriya a 2022. Duk wanda zai biya kuɗin watanni gaba ɗaya, ko ya sayi na'urar da ba ta karɓar layin wani kamfani, lalle ya tambaya tun farko ko ana mayar da kuɗi in ya fasa. Wanda aka zalunta kuwa, lambar kai ƙara ta hukumar NCC ita ce 622.

Daga ƙarshe muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su sa wannan batu cikin nasihar da ake yi wa masu tafiya karatu waje. Ga ɗalibai kuma kalma ɗaya ce: kada a sa hannu a kan wa'adin da ya wuce kwanakin da za a yi a gida. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma sai ya yi dubu bai fito ba.