Milimita Ba Ta Fi Ƙarfin Hausa Ba

Akwai maganar da ake yawan cusa wa ɗaliban Hausa, wai harshen ya iya awo da gaba da kamu da taƙi, amma da zarar an sauko ƙasa da faɗin yatsa sai a koma Faransanci ko Ingilishi. Wannan kasala ce aka naɗa wa rawani, kuma masu sana'a ne ke kwasar asararta.

A dubi Akodésséwa ta birnin Lome, kusa da tashar jiragen ruwa. Bahaushen da ke gyaran mota a can yana tsakanin al'adun awo biyu: Togo ta gaji mita daga Faransa, abokan cinikinsa na Kano kuwa har yanzu inci na bakinsu. Tun yarjejeniyar ƙasashen da ke awo da yadi ta 1959, inci ɗaya milimita 25.4 ne cif. Saboda haka girman da makanikai ke kira 010 a kayan inji, wato kashi goma cikin dubu na inci, milimita 0.254 ne, 020 kuma milimita 0.508. Wanda ya ɗaura wannan a gurbin wancan ya kashe injin mutane.

Tarko na biyu ya fi muni. A Lome da Maraɗi waƙafi ke raba cikakkiyar lamba da ɓarinta, a Kano kuwa ɗigo ne. Wanda ya rubuta milimita 1,250 a Lome, milimita ɗaya da kwata yake nufi; mai karantawa a Kano mita ɗaya da kwata zai gani. Ninki dubu ke nan! Maganinsa a rubuta adadin da kalmomin Hausa a gefen alƙaluman.

Masu kishin tsarkin harshe suna cewa a dakata sai an ƙirƙiro kalmomin gida. Zira'i daga Larabci muka aro shi, yadi da inci daga Ingilishi, kuma Hausa ba ta ragu da komai ba. A karɓi milimita da maikiromita da nanomita, a koyar da ƙa'idarsu: mita ɗaya milimita dubu ce, milimita ɗaya maikiromita dubu, maikiromita ɗaya nanomita dubu. In za a sauka mataki a ninka da dubu, in za a hau a raba da dubu. Da haka milimita 0.254 ta zama maikiromita 254, kaurin silin gashi uku zuwa huɗu.

Malamin da ya koyar da taƙi ya tsallake milimita, tarihin awo kawai ya koyar. A sa wannan lissafi cikin darasin Hausa tun daga ajin farko na sakandare.