Ba Jahilci Ne Ke Hana Masu Taɓin Hankali Zuwa Kware Ba

Akwai wani ra'ayi da ya samu gindin zama a tsakanin ma'aikatan lafiya da 'yan jarida da jami'an gwamnati a Sakkwato, wanda ake maimaitawa a kowace ranar 10 ga Oktoba idan ana bikin ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, wato cewa babban abin da ya hana masu taɓin hankali samun magani shi ne jahilcin iyalansu, waɗanda ke ɗora kowace larura a kan aljanu da sammu, su kwashi majinyaci su kai shi wurin malam ko boka alhali ga asibitin tarayya na masu taɓin hankali a Kware, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga tsakiyar birni. Daga wannan ra'ayi ne ake fitar da maganin da kowa ya haddace, wato a wayar da kan jama'a ta rediyo da taruka har su daina zuwa wurin malamai. Ra'ayin yana da daɗin faɗa domin ba ya cin kuɗin kowa, kuma yana sauke laifi daga kan hukuma ya aza shi a kan talaka, amma binciken da masana suka gudanar cikin shekaru ashirin da suka wuce, yawancinsa a Nijeriya da Gana da Pakistan, bai goyi bayansa ba.

A shekarar 2004 wasu likitoci daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka buga sakamakon tambayoyin da suka yi wa manya 250 a ƙauyen Karfi da ke kusa da Kano, kan abin da suke ganin yana haddasa taɓin hankali da kuma inda ya dace a nemi magani. Dalilin da ya fi yawa a bakin mutanen shi ne shaye-shaye, wanda kusan kashi 34 cikin ɗari suka ambata, yayin da aljanu da sihiri suka tsaya a wajen kashi 18. Da aka zo batun magani kuwa, kashi 46 asibiti suka zaɓa, suka fi waɗanda suka zaɓi addu'a da ruƙiyya yawa. Gaskiya ne cewa binciken ya gano ƙyama da tsoro ga majinyata, ya kuma nuna cewa masu karatu sun fi tausaya musu, saboda haka ilmantarwa tana da nata gurbi. Sai dai manoman da suka ba da waɗannan amsoshi shekaru ashirin da suka wuce ba su yi kama da mutanen da ake siffantawa a taruka ba, waɗanda ake cewa ba su san asibiti yana maganin hauka ba.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga Kudu. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun bi gida-gida a yankunan Yarabawa, suka tattauna da mutum kusan 5,000, suka buga sakamakon a 2006, inda suka samu cewa kimanin kashi 12 cikin ɗari sun taɓa fama da wata larurar ƙwaƙwalwa a rayuwarsu, kuma cikin waɗanda larurarsu ta yi tsanani, wajen kashi 8 ne kaɗai suka samu kulawa a shekarar da ta gabaci binciken. Wannan yanki shi ne ke da asibitin Aro na Abeokuta da na Yaba a Legas, kuma ya riga Arewa nisa a karatun boko. Idan a can ma mutum tara cikin goma ba su samu magani ba, to ba daidai ba ne a ce ƙarancin boko ne ya hana mutumin Gudu ko Tureta.

Abin da ya hana shi yana nan a fili ga duk wanda ya san yadda ciwon yake. Larurori masu tsanani, irin su wadda likitoci ke kira sikizofireniya, inda mutum ke jin muryoyin da babu su yana gaskata abin da bai faru ba, ko wadda ke jefa shi tsakanin matsanancin kuzari da matsanancin baƙin ciki, ba irin zazzaɓi ba ne da ake sha wa magani kwana uku a warke, domin suna bukatar magani na watanni ko shekaru, da duba a kai a kai saboda illolin maganin, kamar sandarewar jiki da makyarkyata da dalalar miyau. Iyalin da suka ɗauko ɗansu daga Sabon Birni ko Illela ko Kebbe za su biya motar mutum uku ko huɗu, saboda majinyacin da hankalinsa ya tashi ba ya tafiya da mutum ɗaya, su biya kati da magani da abinci, su bar gona ko kasuwa, sannan a ce su dawo bayan wata guda. Sau da yawa ana iya zuwan farko ta hanyar sayar da akuya ko cin bashi, na uku da na huɗu ne ke gagara, sai magani ya yanke, ciwo ya dawo, dangi su yanke hukunci cewa wannan ba na asibiti ba ne. A irin wannan hali imani da aljanu yana zuwa ne bayan an rasa magani, ya zama bayanin da ya rage wa mutane. Malam kuwa yana cikin unguwa, yana magana da harshen da suka sani, yana karɓar abin da ya sauwaƙa ko ya jira kaka, kuma ba ya sallamar kowa da takarda. A duk faɗin Nijeriya, mai mutum sama da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, galibinsu kuma suna manyan birane, wasu suna ficewa ƙasashen waje kowace shekara, don haka ko da dukkan ƙananan hukumomi 23 na jihar sun waye a dare ɗaya sun nufi Kware da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ba a da gadaje da ma'aikatan da za su karɓe su.

Akwai kuma tarihin da bai kamata a manta ba idan ana zargin mutane da gudun hukuma. Dokar mahaukata da Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1916, wadda aka sabunta a 1958, manufarta ita ce killace majinyaci domin kare jama'a daga gare shi, har ana ajiye wasu a gidajen yari ba tare da sun aikata laifin komai ba, kuma ita ce ta ci gaba da aiki har zuwa watan Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa mai kare haƙƙin majinyata. Al'ummar da ta shafe fiye da shekara ɗari tana ganin hukuma a matsayin mai kullewa tana da dalilin yin taka-tsantsan.

Binciken da ya fi kai tsaye rushe ra'ayin korar mutane daga wurin malamai shi ne wanda Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, aka buga a mujallar Lancet a 2020. Gwaji ne irin wanda ake raba wurare gida biyu ta hanyar ƙuri'a, domin kada son ran mai bincike ya shiga cikin zaɓen wanda zai samu sabuwar hanya, kuma ya ƙunshi majinyata 307 masu taɓin hankali mai tsanani da ke kwance a gidajen masu maganin gargajiya da masu addu'a. A rukuni ɗaya an horar da masu gidajen tare da ma'aikatan ƙananan asibitocin da ke kusa, aka sa ma'aikatan suna zuwa har gidan suna duba majinyaci suna ba shi maganin asibiti, mai gidan kuma yana ci gaba da nasa. A ɗaya rukunin an bar abubuwa kusan yadda suke. Bayan wata shida alamomin ciwo sun ragu sosai a rukunin haɗin gwiwa fiye da ɗayan, majinyatan sun fi iya komawa harkokinsu, kuɗin da aka kashe kuma ya fi biyan bukata. Ba sabon tunani ba ne ma a ƙasar nan, domin tun 1954 Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Nijeriya, ya riƙa sauke majinyata da danginsu a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da Aro yana kuma aiki da masu maganin gargajiya, aikin da ya sa sunansa ya kai har ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Wannan ba wanke gidajen mari ba ne, kuma duk wanda ya karanta shi haka ya karanta ba daidai ba. Abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, da abin da ya biyo baya a Daura, zalunci ne da babu addinin da ya halatta shi. Nazarin da aka buga a 2016, wanda ya tattara binciken da aka yi kan masu maganin gargajiya a ƙasashe da dama, ya nuna cewa suna iya sauƙaƙa damuwa da ƙuncin rai, amma hujjar cewa suna sauya tafiyar ciwo mai tsanani kaɗan ce ƙwarai. Akwai kuma darasi mai ɗaci daga Gana, inda Angela Ofori-Atta da abokan aikinta suka kai maganin asibiti wani sansanin addu'a, suka buga sakamakon a 2018: alamomin ciwo sun ragu cikin mako shida, amma kwanakin da majinyata suka yi a ɗaure ba su ragu yadda aka yi fata ba. Ma'anar wannan ita ce ƙwaya kaɗai ba ta kwance mari, sai an haɗa da yarjejeniya da sa ido da hukunci. To amma ba a iya sa ido a kan gidan da aka yanke hulɗa da shi, kuma samamen da ba a tanadi wurin da za a kai majinyata ba yana mayar da turu ne cikin ɗakunan bayan gida inda babu mai gani.

Ra'ayin wayar da kai yana da wata illa da ba a cika lura da ita ba, wato ya taƙaita lafiyar ƙwaƙwalwa a kan mahaukacin da ke yawo a kasuwa, alhali mafi yawan masu larura suna cikin gida shiru. Gabashin Sakkwato ya sha hare-haren 'yan bindiga na shekaru, daga harin kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 zuwa ƙona matafiya a mota a yankin Sabon Birni a Disambar wannan shekarar, kuma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a yankunan rikici yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. Matar da aka kashe mijinta a gabanta, ta kasa barci, ta kasa shayar da jaririnta, ba za ta taɓa zuwa Kware ba, kuma ba ta bukatar gado a can. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, al'ummar Musulmi mai kulle da talauci irin na nan, Atif Rahman ya horar da mata ma'aikatan lafiya na ƙauye su riƙa zama da masu juna biyu da ke fama da ciwon damuwa, wato baƙin cikin da ya zarce makonni ya hana mutum aiki da ci da barci, suna koya musu gane tunanin da ke karya zuciya da sauya shi. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna cewa bayan wata shida da haihuwa kashi 23 ne suka rage da ciwon, a kan kashi 53 na rukunin da bai samu wannan hanya ba. An maimaita makamancin haka a Peshawar mai fama da rikici, da zama biyar kacal, aka buga a 2016.

Sakkwato ba baƙuwa ba ce ga irin wannan tsari. Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'yan taru a ƙarni na 19, inda jajoji, dattijan mata amintattu, ke ɗaukar ilimi daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka har cikin gidajensu, ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubuce-rubuce kan magani, ciki har da na ciwon ido da na basir, ba tare da ya ga saɓani tsakanin addu'a da neman sanadi ba. Tun kafin su Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rayu a ƙarni na 9 zuwa na 10, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi sananne da wanda ke fitowa daga jiki yake bukatar magani. Malaman Islamiyya mata da ungozomomi da limaman unguwa na yau su ne magadan waccan hanya, kuma horar da su ya fi kusa da abin da bincike ya tabbatar fiye da shelar rediyo.

Abin da ya rage aiki ne na kasafin kuɗi da tsari. Tun 1991 manufar ƙasa ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fitar da jagora a 2010 da ke koya wa ma'aikacin da ba ƙwararre ba yadda zai gane larurar ya fara magani, magungunan da ake bukata kuwa, irin su haloperidol da amitriptyline da allurar da ake yi duk bayan makonni, tsofaffi ne masu araha. Gwamnatin jiha ce ke da ikon sa su a asibitin kowace gunduma da shigar da su cikin tsarin taimakekeniyar lafiya, ta mai da likitocin Kware masu horarwa da zagayen duba ma'aikata, ta kuma yi wa gidajen malamai masu kwantar da majinyata rajista bisa sharaɗin babu sarƙa, babu duka, babu hana abinci, kuma ƙofa a buɗe take ga ma'aikacin lafiya. Masu bincike na jami'a su ma akwai nauyi a kansu, domin gwajin Ibadan da Kumasi an yi shi ne a wata al'ada daban, kuma tambayoyin auna abin da mutane suka sani game da hauka sun isa haka. Gwajin da ake bukata yanzu shi ne wanda zai ɗauki gidajen masu ruƙiyya a Sakkwato da Wurno da Tambuwal, ya haɗa wasu da ƙananan asibitoci ta hanyar ƙuri'a, ya ƙirga bayan shekara guda majinyata nawa suka koma gona da kasuwa, nawa ne kuma aka kwance wa mari ba a sake ɗaure su ba.