Fitilar da direbobin Sakkwato ke rufewa da salatif

Duk shekara, da zarar ruwan farko ya sauka a Sakkwato cikin watan Yuni, kwalta kan koma tamkar an shafa mata sabulu. Ƙurar da ta taru tun hunturu da baƙin man da motoci suka ɗiɗɗiga su ne ke cakuɗuwa da ruwan. A hanyar Gusau, ko ta Tambuwal zuwa Jega, ko ta Illela, bayanin da aka saba ji bayan haɗari shi ne mota ta ƙwace wa direba. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne ko motar na da na'urar da aka ƙera don hana wannan ƙwacewa, kuma ko tana aiki.

Na'urar ta fara fitowa a 1995, a motocin Mercedes da haɗin gwiwar kamfanin Bosch na Jamus. Toyota na kiranta VSC, Honda na kiranta VSA, Mercedes da Volkswagen kuwa ESP. Aikinsu ɗaya ne. Kwamfutar motar tana auna inda direba ya karkata sitiyari, da gudun kowace taya, da yadda jikin motar ke juyawa, sannan ta gwama su sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Idan gaban motar ya ƙi shiga kwana, sai ta kama birkin tayar baya ta ɓangaren cikin kwanar. Idan bayan motar ne ya fara zamewa, sai ta kama tayar gaba ta ɓangaren waje, ta kuma rage ƙarfin inji. Babu direban da zai iya wannan, komai ƙwarewarsa, domin birki ɗaya ne a ƙafarsa, tayoyi kuwa huɗu.

Amurka ta wajabta sanya ta a ƙananan motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai ta wajabta ta a kan dukkan sabbin motoci daga Nuwamba 2014. Binciken cibiyar IIHS ta Amurka ya nuna tana rage kusan rabin mummunan haɗarin da mota ke yi ita kaɗai.

A nan ne lamarin ya shafi ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati. Akasarin motocin da suke saya 'yan Kwatano ne, kuma da yawa sun girmi waccan doka. Waɗanda suka zo da na'urar ma, sau da yawa tana lalacewa ne daga ƙaramar waya ta jikin taya. Fitila mai hoton mota da layuka biyu a murɗe sai ta kunnu a gaban direba. Idan tana walƙiya, na'urar ce ke aiki. Idan ta tsaya a kunne, ta lalace ko an kashe ta. Maimakon a gyara, wasu sukan cire ƙwan ko su manna salatif, musamman idan ana shirin sayar da motar. Mai saye zai iya ganewa: fitilar kan kunnu na ɗan lokaci idan aka murɗa makulli, sannan ta mutu. Wadda ba ta kunnu ba sam, mai yiwuwa an taɓa ta.

Sai dai na'urar ba ta ƙirƙiro riƙo inda babu shi. Tayar gwanjo da ta suɗe, ko rairayin da iska ta shimfiɗa a kan kwalta, na iya fin ƙarfinta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana matsa lamba a kan na'urar ƙayyade gudu da ingancin tayoyi. Ya kamata jami'anta da na VIO su ƙara da duba wannan fitila, musamman a motocin haya da ke lodi a tashoshin Sakkwato kafin damina ta kankama.