Wa Ya Ƙirga Ungulayen Kasuwarmu?

A wurinmu 'yan kasuwa, in an ga mutum ya tsaya bakin fadamar Garou da madubin hangen nesa yana bin tsuntsaye da kallo, hukunci ɗaya ake yanke masa: rashin aikin yi ne, irin na Turawa. Tun da sha'anin tsaro ya taɓarɓare a gandun dajin W, har aka kashe masu gadinsa a 2022, sai aka ƙara masa sunan ɗan leƙen asiri. Wannan tsoron ba mu raina shi ba. Baƙon da ya zo da madubi bai fara gaida maigari ba, shi ya jawo wa kansa.

Amma zancen rashin aikin yi, a ra'ayinmu, ba gaskiya ba ne. Kallon tsuntsu ai gadonmu ne. Manomi yana ganin shamuwa ta sauka ya soma gyaran iri. Masu shinkafar Malanville kuwa, daga ranar da ta fara nuna, idonsu na sama saboda jan-baki. Abin da ya bambanta mu da mai madubi shi ne, shi yana rubutawa.

To, ga amfanin rubutun. Dattawan kasuwa su faɗa mana, ina ungulayen da ke cika mahauta a da? Mu da ba mu bari buhu ɗaya na albasa ya ƙetara zuwa Gaya ba a lissafa ba, tsuntsun da ke share mana mushe kyauta ya ragu a gabanmu ba wanda ya lura da ranar. Masu ƙirgar nan ne suka tara shaida, har a 2015 aka sa ungulun mahauta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Kuma da hannunmu a ciki, don kan ungulu da ƙafarta haja ce a kasuwannin magani daga Kwatano har Kano. Da ana ba mutum ungulu da kan zabo, yanzu kan ungulun ake nema da tsada.

Indiya ta ga sakamakon irin wannan. A shekarun 1990 wani maganin shanu mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayenta. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita, ciwon haukan kare ya biyo baya. Sai a 2006 gwamnati ta hana ba dabbobi maganin.

A Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI, inda matasan Afirka ta Yamma ke samun digiri a wannan fanni. Yaranmu da ke korar jan-baki a gona sun san tsuntsu fiye da mai littafi. Shugabannin kasuwa da sarkin fawa su fara da abu mai sauƙi: a ba yaro ɗaya littafi da biro, ya riƙa rubuta ungulu nawa suka sauka mahauta kowace ranar kasuwa.