Bashin Karatun Injuna da Lantarki: Da Me Za a Auna Shi?

Akwai wani lissafi da ake yi a gidaje da dama na Yamai duk lokacin da sakamakon jarrabawar bak ya fito. Yaro ya ci, yana son karatun injuna da lantarki, wanda ake kira elektromekanik, amma bai samu gurbi a makarantar EMIG ta Harobanda ba, hukumar ANAB kuma ba ta ba shi tallafin karatu ba. Sai a juya ga makarantun kuɗi masu shirya ɗalibi ga jarrabawar BTS cikin shekara biyu. Kuɗin babu su a hannu, saboda haka ko uba ya ci bashin banki a kan albashinsa, ko uwa ta kwashi adashe, ko a nufi asusun ba da rance. Yawancin iyaye suna auna wannan bashi da albashin kamfanin wuta na NIGELEC ko na matatar mai ta SORAZ. A nan kuskuren yake. Ma'aunin gaskiya shi ne abin da hannun yaron zai iya kawowa a shekararsa ta farko ko da babu kamfanin da ya kira shi.

Manyan wuraren aikin nan ba su da yawa, kuma ba su da tabbas. Ranar 31 ga Maris 2021 kamfanin haƙar ma'adinai na Cominak ya rufe mahaƙarsa ta Akokan, ma'aikata wajen 600 suka koma gida, cikinsu har da gwanayen injin da suka tsufa a kan aikin. SORAZ, wadda aka gina don tace ganga 20,000 a rana, tana aiki tun 2011, amma matatar da ta riga ta zauna ba kullum take ɗaukar sababbi ba. Bututun mai na Agadem zuwa Seme ya ci hannaye da yawa lokacin shimfiɗa shi, da aka gama kuwa sai ya koma na mutane ƙalilan. Shi bashi ba ruwansa da wannan jira. Doka ta yarda asusun rance ya ɗora ruwa har 24 cikin 100 a shekara. A ƙaddara an ranto jika 600 a kan haka: ruwan kaɗai jika 144 ne a shekara, wato jika 12 kowane wata, uwar kuɗin na nan ba a taɓa ta ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan kuwa jika 42 ne tun farkon 2024. Sannan biyan yana farawa ne tun yaro na aji, ba ranar da ya karɓi takarda ba, ga watannin sitaj da sau da yawa ko kuɗin kabu-kabu ba a samu. Ba mu ma taɓo damuwar da kuɗin ruwa ke jefa zuciyar Musulmi ba, wadda ita ma nauyi ce.

Duk da haka karatun ya cancanci a kashe masa kuɗi. A watan Agusta 2023, da Nijeriya ta yanke wutar da ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da muke amfani da shi a lokacin, kowa ya ga wanda gari ke nema: mai tada injin wuta, mai haɗa faifan sola, mai ciro famfon burtsatse ya gane ciwonsa. Injin niƙa, firjin mai ƙanƙara, na'urar sanyaya ɗaki a zafin Afrilu, duk ba sa jiran sanarwar ɗaukar ma'aikata. Wani zai ce, in haka ne a kai yaro kasuwar Katako ya koya wajen maigida kyauta mana. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, don akwai masu naɗin injin a can da injiniya zai tsaya ya kalla. Sai dai wanda ya koya da ido yakan tsaya inda maigidansa ya tsaya. Karanta zanen wayoyi, lissafin ƙarfin da injin zai ja, saita akwatin sarrafa injuna na zamani, waɗannan a aji ake samun su, kuma ranar da kamfanin SONICHAR ko kamfanin siminti na Malbaza suka buɗe ƙofa, takarda za su fara tambaya.

Wani kuma zai ce ilimi ba a yi masa ciniki. Haka ne, amma ba kowace makaranta ce ke sayar da ilimin ba. Wadda take koyar da injin a kan allo, ba ta da ɗakin aiki, ko tana da injin guda ga aji guda, ta bar wa uba bashi ta bar wa ɗa takardar da ba ta kwance ko ƙusa ɗaya. Iyaye, kafin ku sa hannu a takardar rance, ku je ku ga ɗakin aikin da idonku, ku tambayi ɗaliban bara nawa suka ci BTS da inda suka yi sitaj. Ku leƙa ofishin FAFPA ku ji ko akwai tallafin koyon sana'a. Ku ware kuɗin akwatin kayan aiki da na'urar gwajin wuta tun yanzu. In biyan wata ya fi abin da gidan zai iya ɗauka ba tare da albashin yaron ba, ku rage bashin ko ku jira baɗi.